Kaset Ɗin da Na Bi Har Argungu

Sau ɗaya tak na taɓa bin kaset da gudu daga Birnin Kebbi har Argungu don in hana a saurare shi, kuma ni da hannuna na naɗa shi. Wanda ya san ni a wancan zamani ba zai yi mamaki ba. Ni mutum ne mai azarɓaɓi tun ina yaro, in abu ya yi mini daɗi sai na kai shi kunnen duniya kafin in tsaya in tambayi ko na wane ne.

Abokin da aka yi wannan gudu saboda shi, tare muka tashi a unguwar Badariya. Gidan kakarsa yana jingine da namu. Ɗan fari ne, kuma kamar yadda aka saba, ana yaye shi aka ɗauko shi daga Argungu aka kawo wa tsohuwa, don uwa ba ta riƙon ɗan fari a gaban idon mutane. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi boko, tare aka zane mu ranar da muka kwance rediyon babana don mu ga inda mutanen ciki suke zama. Muna dab da gama sakandare tsohuwar ta rasu, aka tattara masa kayansa a akwatin ƙarfe ya koma gidan iyayensa. Ni ina ce masa ɗan su, saboda danginsa masunta ne, shi kuma yana ce mini ɗan birni.

Wata biyu da tafiyarsa, direban wata farar bas mai jigila tsakanin garuruwan biyu ya tare ni a tasha ya miƙo mini kaset. An ɗaure shi da roba, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, sai 'yar takarda da aka soka a ciki: "Ɗan birni, in ka isa faɗi ƙasar da aka yi wannan kiɗa."

Na koma gida na saka a rakodar yayana. Wayyo! Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Wani abin kiɗa ne mai tsirkiya da yawa, ba molo ba, ba garaya ba, yana zubowa kamar ana tsiyaye ruwa daga buta, sannan wata mata ta ɗauki murya ta kai ta can sama inda ban san murya na zuwa ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na zauna a ƙasa riƙe da rakoda har batir ya fara jan muryar matar ta koma ta namiji. Na kira abokaina na unguwa muka yi ta canka. Wani ya ce Sudan, wani ya ce Habasha, wani da bai taɓa wuce Jega ba ya rantse kiɗan mutanen Sin ne. Duk mun faɗi. Daga Mali ne. Ashe kawun abokina masunci ne mai bin ruwa har can, kuma duk dawowarsa ba ya rasa kaset a cikin jakar kayansa.

Daga nan aka ɗaura yaƙi. Dokokin ba su da yawa. Ba a rubuta sunan mawaƙi a jikin kaset. Ba a aiko abin da ake ji a gidan rediyo. Ɓangaren da ya kasa gano ƙasar kiɗa, dole ya rubuta "mun sara" a bayan kaset ɗin da zai mayar, kuma da manyan baƙaƙe. Direban ba ya karɓar komai a hannunmu, sharaɗinsa ɗaya ne: duk kaset ɗin da ya ɗauka sai ya saka shi a motarsa a hanya, shi da fasinjojinsa su riga kowa ji. Muka yarda, ai wanda ya ɗauki kaya shi ke da ɗanɗano.

Ni kuwa sai na zama maroƙin kaset. Lokacin ba a daɗe da yin sabuwar jiha ba, ma'aikata sun cika Birnin Kebbi daga ko'ina, kowa ya zo da iyalinsa da tukwanensa da kiɗan garinsu. Wani bakanike ɗan kudu a Gwadangaji ya ara mini kiɗan Kwango, jita uku suna tsere da juna kamar 'yan awaki, har sai da na ga ƙafata tana rawa ba da izinina ba. Wani malamin makaranta ɗan Zuru ya ba ni kiɗan noma na mutanensu, ganguna masu tada kasala daga jikin mutum. Wata Hajiya maƙwabciyarmu da ta daɗe a Makka ta fito mini da waƙoƙin Sudan daga ƙasan adaka, bayan na yi mata alkawarin ba zan gaya wa Alhaji ba. Daga Argungu kuma abin da ke zuwa ya fi ƙarfin baki: gogen Zabarmawa, jitar Buzaye da aka naɗa a fili har kana jin iska tana dukan rakoda, waƙar wasu masu jirgin ruwa da ake amsawa da bugun filafili. Duk ranar da farar bas ta shigo tasha ƙirjina bugawa yake yi. Ban san duniya tana da faɗi haka ba sai da na ji ta da kunne.

Yaran yanzu da ke zuwa wurin masu tura waƙa a cika musu waya cikin minti biyar ba za su gane wahalar ba. Mu ba mu da rakoda mai baki biyu. Rakoda biyu ake samu a haɗa su fuska da fuska, ɗaya tana waƙa ɗaya tana ɗauka, a danna jan maɓalli da baƙi tare, sannan kowa ya riƙe numfashi. Duk abin da ya motsa a gidan sai ya shiga. Akwai kaset ɗin da na aika wanda a tsakiyar kiɗan Kwango ake jin ƙanwata tana ihun an cinye mata ƙosai, 'yan Argungu suka rubuto wai sun gano ƙasar mawaƙiyar, Badariya ce. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana. Zare in ya tsinke a liƙa da jan farce. Mayar da kaset baya kuwa da biro ake yi, don ba mai ɓarnar batir a kan abin da yatsa zai iya.

Sau huɗu na rubuta "mun sara", abokina sau biyu. Wannan abu ya tsaya mini a maƙogwaro, har na rantse a gaban abokaina cewa hannuna ba zai sake rubuta kalmomin nan ba ko da za a yanka ni.

A cikin 'yan takardun da muke sokawa a kaset yawanci tsiya ce da zolaya. Amma wani lokaci abokina yakan saki wata magana a ƙasan takarda, kamar ba da gangan ba. Ya taɓa rubuta cewa tun da ya koma, mahaifiyarsa ba ta taɓa duban idonsa ba. In za ta ba shi abinci sai ta ce a ba wancan. In ya shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a ɗaki. Ya san al'ada ce, kowa ya sani, ni ma Innata ba ta kiran sunan yayana. Amma yayana ya tashi a gabanta, ya san yadda take ajiye masa ƙashin miya a ƙasan kwano. Shi abokina bai san komai nata ba sai bayanta. A wata takardar ya ce in ruwa ya kawo, kawunsa ya tashi komawa Mali, zai bi shi, domin gidan da ba a kiran sunanka ba zai ji kewarka ba. Na karanta, abin ya taɓa ni, amma na amsa masa da cewa in ya je ya riƙa aiko kaset buhu-buhu. Haka nake a lokacin.

Ana nan sai wani kaset ya iso ranar Asabar. Kiɗan Mali ne daga farko har kusan ƙarshe, mun gane shi tun ba a je ko'ina ba, har na fara murna. A gefe na biyu na kaset ɗin, da waƙar ƙarshe ta ƙare, sai na ji ƙarar ɗaya rakodar ta tsaya, ƙat. Zare bai ƙare ba, yana ta tafiya. Kaza ta yi kuka. Sai taɓarya ta fara sauka a turmi, dim, dim, da tafi a tsakani, irin na macen da ke cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Sai murya.

Ban taɓa jin irinta ba. Ba ta da ƙarfi, ba ta da ado, tana tafe a hankali tana bin taɓarya, in ta hau sai ta ɗan karye kamar za ta faɗi, sai ta kama kanta. Kalmomin ba su fita sosai, dakan ya danne su, kuma daga nesa aka ɗauka. Abu ɗaya ne ya fito fes, yana dawowa a ƙarshen kowane baiti: sunan abokina. Na yi tsalle na buga cinya. Na ce lalle ɗan su ya riƙa, wato har ya kai ya ɗauki zabiya ta yi masa waƙa, ya ɓoye ta a ƙarshen kaset don ya nuna mana shi ma ya zama wani abu! Na kira 'yan unguwa. Muka ji ta sau biyar a tsaye. Duk dariyar da muke yi, ba wanda ya ce a kashe, don waƙar ta fi duk kiɗan Malin da ke gabanta daɗi. Kafin magariba mutum uku sun kwafa.

Ni kuma na shirya ramuwa. Na sami sabon kaset, na kwafi waƙar a farkonsa, na ƙure murya yadda za ta fito da ƙarfi. Tana ƙarewa na matso da bakina jikin rakoda na naɗi kaina: na ce mun ji zabiyarka, ɗan su, nawa ka ba ta, kifi nawa ta ci kafin ta yarda ta yabi mummuna irinka, kuma a gaya mata muryarta ta fara tsufa. Abokaina suna bayana suna shewa. Bayan haka na jera masa kiɗan da na tabbata ba zai gano ba. Ranar Litinin da hantsi na kai wa direba, na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya ci kokawa.

Bayan azahar na zauna a tsakar gida na sake saka waƙar, don ta riga ta kama ni. Inna tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Na lura hannunta ya tsaya.

"Kai, wa ta wagga?" in ji ta.

"Zabiya ta, Inna. Ɗan su yab biya ta tay yi mai waƙa."

"Zabiya? Ka taɓa jin zabiya na waƙa tana daka? Maida baya in ji."

Na mayar. Ta ajiye faifai ta matso, ta kara kunnenta jikin rakoda. Abin da kunnuwanmu duka suka kasa tsinta, ita ta tsince shi a ji ɗaya, tana maimaitawa a hankali bayan mai waƙar:

"Na hwari, bakina yay yi ma rowa,
zuciyata ba ta yi ba.
Ran da anka ɗauke ka nono yay yi kuka,
ni ban yi ba, don ana kallo."

Ta ɗago ta dube ni. "Wagga ba zabiya ba ta. Uwa tai ta. Kuma ba ta san ana ɗauka ba. Macce ba ta hwaɗin sunan ɗanta na hwari in ta san da kunne kusa, ko na kaza." Ta juya mini baya tana gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Wa yaj ji ta ban da kai?"

Na san yadda abokina yake karɓar sabon kaset, ya sha ba ni labari. Ba ya jin sa shi kaɗai. Sai an sauko daga la'asar, samarin unguwarsu sun taru a dakalin ƙofar gidansu, ya sa sabon batir ya ƙure murya. Kuma bayan wannan katanga tsakar gidansu ce. Matar da ta ɓoye maganar nan shekara goma sha takwas za ta ji ta tana tashi a bakin titi, da sunan ɗanta a ciki, samari suna dariya, sannan ta ji wani ɗan birni marar kunya yana tambayar kifi nawa ta ci. Shi kuma abokina, abin da ya fi buƙatar ji a duniya zai zo masa a cikin shewa. Sai kuma na tuna da sharaɗin direba, na ji kamar in kurma ihu: tun da hantsi kaset ɗin yana cikin mota cike da mutanen Argungu.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Tashi. In ka tsaya sa takalmi ka makara."

A tasha motar da ke kan layi saura mutum huɗu ta cika, kuma direbanta yana kwance a benci yana sakace. Na roƙe shi, ya ce in ina sauri in sayi jirgin sama. Na fita bakin hanya ina ɗaga wa duk abin da ke da taya hannu. Allah ya kawo wata a-kori-kura ta 'yan Augie da suka sauke albasa suna komawa, na ɗare baya na zauna a kan buhunan da babu komai a ciki sai wari. Muka wuce Gwadangaji, muka wuce Ambursa. Ina duban rana ina duban hanya. Motar nan in ta ga gangara sai ta yi kamar abin kirki, in ta ga tudu sai ta fara tari. A wani ƙauye suka tsaya sayen rake, na kusa yin kuka. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga yadda nake zumbur-zumbur ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, kaset nake bi. Ya matsa can nesa da ni.

Ana kiran la'asar muka shiga Argungu. Na dira tun motar ba ta gama tsayawa ba, na hango farar bas a tasha, direban yana alwala a gindin taya.

"Kai ɗan birni!" ya ce. "Kaset ɗinga naka ya kusa jawo man duka. Ko Gwadangaji ba mu wuce ba nis saka shi. Wata tsohuwa can baya tac ce, direba, kashe abinga, wagga waƙa ba ta kunnen hanya ba ta. Nik kashe. Taj juya ga mutane tac ce wanda yaj ji bai ji ba. Har munka iso ba wanda yay yi tari."

"Ina kaset ɗin?"

"Na ba mai shi tun azahar."

Sau ɗaya na taɓa zuwa gidan, amma ƙafata ta tuna hanya. Na bi ta lungun masu bandar kifi, hayaƙi yana shiga mini ido, na tsallake tabarmin shinkafar da aka shanya, wata mata ta bi ni da zagi ban tsaya karɓa ba. Sallar la'asar ɗin ranar sai daga baya na rama ta, Allah ya yafe mini. Da na karyo kwanar gidan na same su sun fara taruwa, sun kai goma. Abokina yana zaune a dakali da rakoda a cinya, kaset yana ciki, yatsansa a kan maɓalli, wai mutum ɗaya suke jira. Daga bayan katanga kuwa ana daka. Dim, dim, da tafi a tsakani. Ko a mafarki na ji wannan hannu zan gane shi.

Ya gan ni ya miƙe da dariya. "Jama'a ku diba! Ɗan birni ya biyo kaset nai da ƙahwa. Tsoron kaye!"

Suka ɗauki shewa. Ni ko numfashi na kasa yi, ina warin albasa, ƙafa ba takalmi. Na dafa rakodar da hannu biyu. Na san in na ce kada a saka, ba za su bari ba, sai ma su ƙara ɗoki. Abu ɗaya ne zai sa su saki.

"Mun sara," na ce. "Birnin Kebbi duk ta sara, da bakina nih hwaɗi, ku shaida. Amma wanga kaset ba a jin shi nan. Taso mu tahi gulbi, ni da kai."

Wurin ya kaure. Wani ya ɗaga ni sama, wani ya ruga ya gaya wa wanda ake jira. Rantsuwar da na yi a Badariya ta tafi a banza, kuma ban ji zafinta ba ko kaɗan. Abokina ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya san ni, ya san ba ƙaramin abu ne zai fitar da kalmomin nan daga bakina ba. Ya rataya rakoda a kafaɗa muka bi hanyar gulbi.

Muka zauna a kan wani jirgi da aka kife a gaɓa. Na rage murya da kaina, na danna. Kaza ta yi kuka, taɓarya ta fara sauka. Da muryar ta shigo na ga wuyansa ya sandare. Ya duƙa ya kara kunne kamar yadda Inna ta yi. Da aka zo wurin sunansa ya rufe ido. Ni na kawar da kai ina kallon masunta masu jefa birgi, ragar kamun kifi, a tsallake, don akwai kallon da ko aboki bai kamata ya yi ba. Da waƙar ta zo ƙarshe na kai hannu da sauri in kashe, ya riƙe mini wuyan hannu. Haka muka zauna muka ji muryata tana tambayar kifi nawa ta ci, muka ji shewar abokaina. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban ƙara ba.

Ya kashe rakodar. Can ya ce, "Ran Juma'a ta. Nib bar rakodan biyu bisa taga suna ɗauka, nit tahi masallaci. Ta aza ba kowa gidan." Ya share fuska da hannun riga. "Ka san ko wa ta?"

"Inna tag gaya man. Ni ban sani ba, wallahi."

"Kwahi nawa kay yi?"

"Ukku."

"Gobe ka biɗo su."

Ya fitar da kaset ya miƙo mini hannu, na gane biro yake so. Ya mayar da zaren da kansa, a hankali, ya sake ji daga farko. Wannan karon yana zuwa daidai inda muryata za ta fara ya tsayar. Ya danna ja da baƙi tare, ya juya rakodar ta fuskanci gulbi. Muka riƙe numfashi kamar yadda muka saba. Ruwa yana bugun gaɓa, wani yana tuƙa jirgi, tsuntsaye suna komawa. Sai da ya tabbata ya shafe ni kaf sannan ya tsayar, ya ɓalle ɗan marfin nan na gindin kaset wanda in babu shi ba a iya naɗa komai a kai, ya jefa shi a ruwa. Kaset ɗin ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Muryarta ba ta tsuhwa ba," ya ce.

"Ba ta tsuhwa ba," na ce.

"Kai dai jaki na."

Na amsa, don gaskiya ya faɗa.

Kwafi ukun nan washegari na bi gida-gida na karɓo su, ɗaya sai da na ba da kiɗan Kwangona gaba ɗaya kafin mai shi ya saki. Ruwa ya kawo a shekarar, kawunsa ya ɗaure kaya ya koma Mali shi kaɗai. Mun ci gaba da musayar kaset har rakoda ta fita yayi, kuma na sake sarawa ba sau ɗaya ba. Mahaifiyarsa tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, jikoki sun cika mata gida. Har yau ba ta san abin da rakoda ta ɗauka ba, kuma har yau wancan take ce masa.

Amma a ranar, da muka dawo daga gulbi, an fara kiran magariba, samarin sun watse. Muka shiga zaure ya ajiye rakoda. Dakan ya tsaya, ana jin ƙamshin miyar kifi. Sai muryar nan, wadda na yini ina bi, ta taso daga tsakar gida, a bushe, ba waƙa a cikinta, tana magana da iska kamar yadda ta saba:

"A ce ma wancan tuwo nai na hucewa, shi da baƙo nai."

Da ma in ta faɗi haka ba ya amsawa, sai ya jira a miƙo kwano. Ranar nan ya miƙe tsaye, hannunsa a kan aljihun rigarsa, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Na'am!" ya ce.